Wai na tsufa, in rubuta takardar ajiye aiki da kaina

Tambaya: Salam Barista. Shekarata 56, ina kula da sito a wani kamfani a Idu nan Abuja shekara 18 kenan. Makon jiya manaja ya kira ni wai matasa masu iya kwamfuta suke so, in rubuta takardar ajiye aiki a sallame ni cikin mutunci, in ba haka ba ko fanshona ba zan gani ba. Yara na makaranta, barci ya gagare ni. In rubuta?

Amsa: Wa alaikumus salam Malam. Kar ka rubuta, kar kuma ka sa hannu a wata takarda da ba ka kai wa lauya ya gani ba.

Zancen ritaya a shekara 60 da haihuwa ko 35 a bakin aiki ƙa'idar ma'aikatan gwamnati ce, malaman makaranta ma an mayar da nasu 65 ko 40 tun 2022. Kamfani kuwa takardar ɗaukarka aiki da kundin dokokinsu ake dubawa, ka nemo su. Fansho kuma yana wurin PFA ɗinka, wato kamfanin da ke kula da asusun fanshonka, ƙarƙashin dokar fansho ta 2014, manaja ba shi da ikon taɓa ko kobo, burga ce.

Abin da ke ci min tuwo a ƙwarya shi ne wannan "gara ka ajiye da a kore ka" da lauyoyin majalisar mai shayi ke koya wa mutane. Wallahi kullum sai an zo min da ita, dattijo ya zaro takarda a ninke daga aljihun gaba, da rubutun hannunsa har da godiya ga kamfani, sannan ya ce a kai ƙara, to ƙarar me? Ka gaya wa alƙali da kanka cewa kai ka tafi. Eh ana iya cewa tilasta maka aka yi, amma kai za ka kawo hujja, alhali a ofis ƙofa rufe aka yi maganar. Su suka san dalilin da suke so ta fito daga hannunka: in rage ma'aikata ne, sashe na 20 na Dokar Ƙwadago ya ce na ƙarshen shigowa shi ne na farkon fita, sai dai in an nuna bambancin ƙwarewa, kuma a zauna kan kuɗin sallama. Ka rubuta, duk wannan ya bi ruwa.

Gaskiya sashe na 42 na tsarin mulki, wanda ya hana wariya, bai ambaci shekaru ba, ba kamar Amurka ba da dokarta ta 1967 take kare ɗan 40 zuwa sama. Amma tun gyaran tsarin mulki na 2010 Kotun Ma'aikata ta Ƙasa tana da hurumin shari'ar wariya da zalunci a wurin aiki, tana nan Garki, kuma ta sha neman kamfani ya faɗi dalilin kora.

Gobe ka je aikinka da wuri, kar ka ba su kafar fashi ko latti. In ya sake tado maganar ka ce cikin ladabi, ranka ya daɗe a ba ni a rubuce.