Amsa ga mai son sayen gida a ƙauyukan Het Hogeland

Wa alaikumus salam, Malam. Ka ce kai da uwargida kuna aiki a birnin Groningen na ƙasar Holan, kuɗin haya ya ishe ku, kuma ka ga gidaje a Funda, shafin intanet na tallar gidaje, a ƙauyukan ƙaramar hukumar Het Hogeland, masu fili da lambu, da sauƙin farashi fiye da na cikin gari. Kana tambaya ko ka shiga, kuma ta ina za ka fara.

Ka shiga, amma da idonka a buɗe. Araha ba ta ado. Duk gidan da ka ga ya faɗi ƙasa da na maƙwabta akwai dalili, kuma a Holan dalilin kusan kullum yana rubuce a wata takarda da kake da ikon gani kafin ka sa hannu. Wanda ya ƙi karantawa shi ya cuci kansa, domin dokarsu ta ɗora wa mai sayarwa faɗin aibin da ya sani, ta kuma ɗora wa mai saye yin bincike.

Fara da sanin ƙarfin aljihunka kafin ka taka ƙofar gida ko ɗaya. Tun 2018 banki ba ya ba da bashin da ya wuce darajar gidan, sai in za ka yi aikin rage shan wuta da gas, nan ake iya kaiwa kashi 106 cikin ɗari. Darajar da banki ya sani ita ce wadda mai kimanta gida ya rubuta a rahotonsa. In ka taya yuro 310,000 shi kuma ya kimanta 295,000, cikon 15,000 daga aljihunka zai fito. Haruffan nan biyu da kake gani bayan farashi, k.k., suna nufin ɗawainiyar ciniki tana wuyan mai saye. A ciki akwai harajin canja mallaka, kashi 2 cikin ɗari ga wanda zai zauna a gidan da kansa, wato 6,000 a gidan 300,000. Wanda bai cika shekara 35 ba ana yafe masa wannan haraji sau ɗaya a rayuwa, muddin gidan bai wuce wani mizani ba (a 2025 yuro 525,000 ne). Sai kuɗin notaris, wato masanin dokar da ake sa hannu kan takardar mallakar gida a gabansa, da mai kimantawa, da mai ba da shawara kan bashi, da mai duba lafiyar gini, da la'adar dillalinka in ka ɗauka. Ka tanadi kashi 4 zuwa 6 cikin ɗari na farashin a hannu.

Ka tambayi mai ba ka shawara ko ka cancanci NHG. Asusun lamuni ne da ke tsaya maka idan rasa aiki, rashin lafiya, rabuwar aure ko rasuwar abokin zama suka tilasta sayar da gidan da hasara, kuma yana sa banki ya rage kuɗin ruwa. A 2025 iyakarsa yuro 450,000, ana biyan kashi 0.4 cikin ɗari na bashin sau ɗaya. Inda 'yan'uwanmu ke tuntuɓe shi ne takardar zama: sai ta dindindin, ko wadda dalilin bayar da ita ba na wucin gadi ba ne. Sannan duk bashin da ke kanka yana rajistar BKR, ofishin da ke ajiye bayanan bashin mutane, har wayar da ka saya biya kaɗan-kaɗan in bashinta ya haura yuro 250, kuma yana rage abin da za a ba ka.

Abu biyu da suka shafe mu musamman. Bashin gida a manyan bankunan ƙasar da kuɗin ruwa yake, don haka in kana da damuwa kan riba, ka kai maganar gaban malamin da ka amince da shi tun yanzu, kada sai ka sa hannu hankalinka ya tashi. In kuma 'yan'uwa za su turo maka gudummawa daga gida, banki da notaris dole su tambayi asalin kuɗin saboda dokar hana halasta kuɗin haram. Ka ajiye takardar sayar da fili ko shago, da shaidar banki, da wasiƙar kyauta. Kuɗin da aka bi ta hannun mutane aka kawo maka a jaka ba za su shiga wannan ciniki ba.

Yanzu wurin kansa. An kafa Het Hogeland a 2019 da haɗe Bedum, Winsum, De Marne da Eemsmond, kuma ƙauyukanta ba ɗaya suke ba. Waɗanda ke kan layin dogon Groningen zuwa Roodeschool, irin su Sauwerd, Winsum, Baflo, Warffum, Usquert da Uithuizen, mai aiki a birni zai iya zama cikinsu da keke da jirgin ƙasa. Da ka kauce daga layin, bas yana ƙaranci da dare da ranar Lahadi, gidan da mutum biyu ke aiki sai ya koma neman mota biyu, arahar gidan ta tafi a mai da inshora. Tambayi yawan ɗaliban firamaren ƙauyen, domin ƙananan makarantu ake rufewa ko haɗewa. Kira likitan unguwa ka ji ko yana karɓar sababbin mutane. Juma'a da naman halal kuwa, ka sa a ranka birni za ka riƙa shigowa. Kuma kada ka yanke shawara da ganin gida a watan Yuni. Koma ka tsaya a ƙofarsa da yammacin Disamba, lokacin da rana ke faɗuwa kafin ƙarfe huɗu da rabi, iskar teku na kaɗawa, ka ji ko iyalinka za su iya. Ƙasar noma ce, ta irin dankali da alkama da gwozar sukari: da kaka taraktoci na cika hanya da taɓo, daga Fabrairu kuma warin taki.

Takarda ta farko da za ka duba ita ce tsarin amfani da ƙasa na ƙaramar hukuma, wanda tun 1 ga Janairu 2024 ake kira omgevingsplan. Shiga shafin Omgevingsloket, sa adireshin, ka ga me aka ware wurin dominsa. Nan babban ramin gidajen karkara yake. Gida na iya zama da ɗakuna huɗu da kicin sabo fil, amma a takarda gidan manomi ne da ke haɗe da gona, wanda ba manomi ba bai da izinin zama ciki. Wani kuma gidan hutu ne, an hana zaman dindindin. Banki ba ya son irin waɗannan, hukuma kuma na iya cin ka tara. In dillalin mai gida ya ce "ai kowa haka yake zaune", ka ce a ba ka a rubuce daga ƙaramar hukuma. A nan kuma za ka ga ko an sa gidan cikin gine-ginen tarihi ko masu siffar gargajiyar yankin, waɗanda ba a rushe su ko sauya fuskarsu sai da izini, da kuma abin da aka yarda a gina a filin da ke bayanka.

Ta biyu daga Kadaster take, ofishin rajistar filaye. Da 'yan yuro kaɗan za ka sami sunan mai gida da girman fili, ka kuma nemi takardar cinikin da ta gabata. Karanta ta don haƙƙin wucewa: a ƙauye ba abin mamaki ba ne maƙwabci ya kasance da ikon bi ta gefen gidanka da tarakta zuwa gonarsa, kuma wannan haƙƙi filin yake bi, ko wa ya saya. Shingen da ka gani ma ba lallai shi ne iyaka ba. In akwai lambatu a gefen filin, yawanci rabinsa naka ne, kuma hukumar ruwa ta yankin, Noorderzijlvest, tana zagayen duba wasu lambatun da kaka. Wanda bai yashe nasa ba, a yashe a kawo masa lissafi.

Ta uku ita ce ta girgizar ƙasa, kuma a wannan yanki ba a tsallake ta. Haƙar iskar gas ta shekara da shekaru ta jawo girgiza, mafi ƙarfi ita ce ta Huizinge a watan Agusta 2012, mai maki 3.6. An tsayar da haƙar a Oktoba 2023, doka ta rufe filin a 2024, amma ƙasa ba ta gama lafawa ba. Hukumomi biyu ne: IMG mai biyan diyyar ɓarna, da NCG mai ƙarfafa gine-gine. Nemi mai gida ya ba ka duk rahotannin da ke hannunsa. Shin an biya shi diyyar tsagewar bango, ya gyara ko ya ci kuɗin ya shafe da fenti? Ba za a sake biyan ka kan tsagar da aka riga aka biya ba. Shin ya karɓi kuɗin sallama na lokaci ɗaya, kuma da wane sharaɗi? Shin gidan yana jerin waɗanda za a ƙarfafa, an duba shi, me aka ce? Idan akwai ƙarar diyya da ba a kammala ba, haƙƙin karɓarta ba ya biyo gida da kansa, sai an rubuta a yarjejeniya cewa an miƙa maka shi. A nan ɗaukar dillali ɗan yankin ya fi ƙarfin la'adarsa.

Sai lafiyar ginin. Kada ka yi ƙyashin yuro ɗari huɗu zuwa biyar na mai duba gini, kuma ka bi shi ƙafa da ƙafa ranar da zai zo. A yawancin gidaje, bayan ƙofar shiga, ƙarƙashin abin goge ƙafa, akwai murfin da ke kai wa ramin ƙarƙashin daɓe. Sa shi ya buɗe, ya haska tocila, ya soka sukudireba a bakin katakan da ke shiga bango. In ta nutse kamar a burodi, danshi ya ci su, daɓen duka zai tashi. Ƙasar yankin yumɓu ce, tsofaffin gidaje da yawa harsashinsu bai da zurfi, yumɓu kuwa yana tsukewa da fari ya kumbura da ruwa, don haka ba kowace tsaga ce ta girgiza ba. Gidajen da aka gina kafin wajen 1920 galibi bangonsu ba shi da rata a tsakiya, suna shan gas kamar me, ga laima. Dole mai gida ya ba ka takardar matakin makamashi, kuma tun 2024 matakin yana shafar yawan bashin da za a ba ka. Ginin da ya girmi 1994 ka ɗauka akwai asbestos har sai an tabbatar babu, musamman rufin rumbu da gareji. Wanda ya girmi 1960 a duba bututun ruwan dalma, saboda yaranku.

Gidan da ke wajen ƙauye ka tambayi inda ruwan bayi ke zuwa. Wasu na haɗe da bututun hukuma ta famfo mai turawa, kuma an hana zuba ruwan sama a ciki. Wasu tankin tacewa gare su, kula da shi na iya zama a wuyanka. Wasu ba su da layin gas, sai tankin gas a tsakar gida. Tambayi kuma ko akwai tsohon tankin mai a binne, domin in ya yoyo, gyaran ƙasar ba ƙaramin kuɗi ba ne.

In duk wannan ya yi, sai tayi. Kada ka taya da farashi kaɗai, haɗa da sharuɗɗan fita: samun bashi cikin mako huɗu zuwa shida, da sakamakon duba gini, a rubuta adadi, misali in gyaran gaggawa ya wuce 10,000 kana da ikon janyewa. Za a iya ce maka cire sharuɗɗa zai sa a sallama maka. A tsohon gidan ƙauye kada ka yarda. Sallamar baki ba ta ɗaure kowa, sai an sa hannu. Bayan an ba ka kwafin da ku biyu kuka sa wa hannu kana da kwana uku na sake tunani, biyu daga ciki dole su zama ranakun aiki: in ka karɓa ranar Litinin, wa'adin na ƙarewa daren Alhamis, in ranar Juma'a ce, daren Talata. Da ya wuce, janyewa ba tare da sharaɗi ba tararsa kashi 10 cikin ɗari, 30,000 ke nan a gidan 300,000. Wannan adadin ne kuma za ka ajiye wajen notaris a matsayin kafin alƙalami, ko banki ya tsaya maka. In banki ya ƙi ba ka bashi, sanar da mai gida a rubuce, da takardar ƙin, kafin ranar da aka sa. Jinkirin kwana ɗaya ya isa sharaɗin ya faɗi.

Lura da sakin layin da ke cewa gidan tsoho ne, ko mai sayarwa bai taɓa zama a ciki ba, kamar gidan gado da magada ke sayarwa. Ma'anarsu aibin da ya ɓullo daga baya naka ne.

Kai ke zaɓen notaris tunda kai ke biya, kuma farashinsu ya bambanta, tambayi uku. In Holancinka bai nuna ba, doka ta ce a kawo tafinta, rantsattse in zai yiwu, kuɗinsa a kanka. In a gida aka ɗaura aurenku, tabbatar an yi masa rajista a ƙaramar hukuma, domin notaris zai tambayi tsarin dukiyar aurenku, kuma ana bukatar amincewar uwargida kafin a jinginar da gidan da kuke zaune.

Ranar karɓar makulli za ku fara zagaya gidan da dillali. Ɗauki hoton mitar wuta, ta gas da ta ruwa, buɗe kowane famfo, kunna na'urar ɗumama gida ka taɓa bututun ka ji ya yi zafi, ka duba rumbu ko an kwashe tarkace. Abin da ka gani ba daidai ba, faɗe shi kafin ku zauna gaban notaris, lokacin kuɗin na hannunsa. Inshorar ginin ta fara aiki daga wannan ranar, kuma in rufin ciyawa ne ka nemi farashinta tun kafin tayi, don tana da tsada. Bayan kun tare, kwana biyar gare ku ku sanar da ƙaramar hukuma sabon adireshi. Allah Ya sa a dace, Ya sa gidan albarka ne.