Alhaji, kar ka haɗa 200 tukuna

Wani mai shagon kayan famfo a Aboabo, Kumasi, ya aiko cewa ɗan yayansa ya ƙera na'urar da ke kunna injin ruwa idan tanki ya yi ƙasa, ta kashe idan ya cika. Ya ga ta yi aiki a shago, yana so ya zuba sidi 60,000 a haɗa 200, kafin wasu su riga shi.

Alhaji, yaron yana da basira, amma abin da ka gani a kan tebur gwaji ne, bai zama kayan sayarwa ba. Kuskurenka ɗaya: ka ɗauki "Kawu, tana aiki" a matsayin shaida, ba ka nemi lissafi a rubuce ba.

Fara da rile, wato makunnin da na'urar ke kunna injin da shi. Shuɗin rilen nan da ake haɗawa da Arduino (ƙaramin allon kwamfuta da ke sarrafa na'ura) an rubuta masa amfiya 10, amma wannan na kaya irin hita ne. Injin doki ɗaya yana jan amfiya huɗu zuwa biyar yana gudu, a lokacin tashi kuwa yakan ja ninki biyar ko shida. Kowane tashi yana ƙona bakin rilen kaɗan, har wata rana ya manne. Injin ba zai tsaya ba, tanki ya yi ta ambaliya, ko rijiyar burtsatse ta ƙafe injin ya ƙone. Mai gida ba zai nemi yaron ba, shagonka zai zo. Dole rile ya tuƙa kwantakta, wato babban makunni mai jure wuta da yawa, ita ta ɗauki nauyin injin.

Sai wuta. Bolt 230 ake cewa, amma kowa ya san yadda take dawowa bayan dumso, wato ɗaukewar wuta. A sa fiyus da MOV (abin da ke shanye wutar da ta zo da ƙarfi fiye da kima), a kuma jinkirta tashin injin minti biyu ko uku. Tambayi yaron ko ya kunna mai gadin cikin cif ɗin, wanda ke sake tayar da na'ura idan firogiram ya daskare. In bai kunna ba, tana iya daskarewa da injin a kunne.

Akwai kuma cututtukan da ba sa nunawa a makon farko, su na fi tsoro. Ma'adanar bayanai (EEPROM) ta cif ɗin Arduino, ATmega328P, an tabbatar mata rubutu 100,000 ne. Mai rubuta matakin ruwa kowane minti zai cinye wannan cikin kwana 70. Agogon millis, wanda firogiram ke ƙidaya lokaci da shi, yana komawa sifili bayan kwana 49 da awa 17, kuma lissafin lokaci da aka rubuta da sakaci a nan yake rikicewa. Kafasita kuwa, wadda ke ajiye ɗan caji a kan allon, duk ƙarin zafi digiri 10 yana rage tsawon ranta da rabi, ga akwatin a rana kusa da tanki. Masu gaggawa sukan sayar da kaya duka, wata biyu baya su fara dawowa a tare, riba da uwar kuɗi su tafi a canji.

Haɗa goma kawai. Ka dasa su a gidajen mutane a Aboabo da Asawase, wasu a rana, wata uku cur. Buɗe littafi: lambar na'ura, ranar dasawa, girman injin, abin da ya lalace. Ka ware kashi 15 na farashi don gyara da canji.

Maganar wasu za su riga ka, bar ta. Maɓallin tanki mai yawo a ruwa yana kasuwa da araha tuntuni, sai taka ta fi shi da wani abu, kamar kare injin daga gudu babu ruwa. Kuma kafin ka biya kwabo, ku rubuta yarjejeniya cewa kwafin firogiram da zanen allon suna hannunka, don yaro na iya samun aiki a Ankara, babban birnin Ghana, gobe.