Benzin ya ragu a rijiya: cinye shi aka yi, ko ruwa ne ya surka shi?

Ka ce tankin gidan mai ya yi yoyo, bayan damina kuma benzin (wani sinadari da ke cikin fetur) ɗin da muke aunawa a rijiyar gwaji ya faɗi, to ta ina za a san bakteriyar ƙasa ce ta cinye shi? Raguwa kaɗai ba hujja ba ce, ɗana. Ruwan sama ma yana rage shi.

Kabon, wato sinadarin da ya fi yawa a cikin fetur da benzin, iri biyu ne: mai nauyin 12, kusan kashi 99 cikin ɗari, da mai nauyin 13, kashi 1 da 'yar ɗoriya. Bakteriya ta fi saurin karya marar nauyin, kamar akuyar da ke fara cin ganye ta bar kara. Saboda haka ragowar benzin sai ta riƙa ƙara nauyi. Ruwa kuwa ba ya zaɓe, duka biyun yake surkawa daidai.

Ɗebi ruwa a gindin tankin, sannan a rijiyoyi uku ko huɗu ta inda ruwan ƙasa ke gangarawa. Kwalba mai mililita 40, cika ta fal, rufe, ka kife ta. In ka ga kumfa, sake ɗiba. Ɗiga asid ɗin HCl har pH, wato ma'aunin tsamin ruwa, ya sauka ƙasa da 2, don kada bakteriya ta ci gaba da aiki a cikin kwalbar, ka ajiye a ƙanƙara, digiri 4 na Celsius, sannan ka kai ɗakin gwaji a auna nauyin kabon ɗin benzin.

Sakamako yana zuwa ne a kashi cikin dubu, kuma kuskuren na'ura yakan kai 0.5, don haka kada ka amince da bambancin da bai kai 2 ba. Misali, gindi -27, rijiyar ƙarshe -25, wato benzin ɗin ya ƙara nauyi da 2. In ma'aunin zaɓen bakteriyar, wato lambar da ke nuna yadda take fifita marar nauyin, -2 ne, wajen kashi 63 cikin ɗari ke nan ya lalace. Ma'aunin nan yana sauyawa da samuwar iskar oksijin, shi ya sa ake auna ta tun a bakin rijiya.

Abin da ya fi ɓata aikin shi ne mai da ke yawo a saman ruwan rijiya: kullum yana sakin sabon benzin, sai ya rufe alamar, ka zaci ba abin da ke faruwa. In kuma akwai wani gidan mai a kusa, nauyin fetur ɗinsa na iya bambanta tun asali, auna shi daban. Man gas kuwa kada ka ɓata kuɗi a kansa, ƙwayoyinsa manya ne, canjin ba ya fitowa sosai.