Azumin 'yan Roma da naman Juma'a: amsa ga 'yata a Nima

'Yata, saƙonki ya iso. Ina gajiya, ina maigidan da yara? Mu nan Kumasi lafiya lau, sai gwiwar nan da kika sani.

Kin ce matan gidanku Musulmi suna miki dariya, wai wane irin azumi ne mutum zai sha ruwa, ya ci tuwo da rana tsaka, ya ce yana azumi. Maigidanki kuma ya ce barin nama ran Juma'a abin tsofaffi ne, coci ta daɗe da soke shi. Kina so ki san wanne ne doka, wanne ne al'adar gidan kakarki kawai. Bari in fara da dokar, don ita ce gajeriya.

Azumin dole a wurinmu kwana biyu ne a shekara: Larabar Toka, wadda da ita ake fara kwana arba'in na tuba kafin Ista, da Juma'ar da aka gicciye Yesu. A ranakun nan cikakken abinci sau ɗaya ake ci, sai ɗan abin taɓawa safe da yamma don kada mutum ya faɗi. Ruwa ba a hana ba. Wannan yana kan wanda ya cika shekara 18 har ya shiga ta 60. Barin nama kuwa daga shekara 14 yake farawa, kuma ba shi da ranar sallama. Ni da azumi ya sauka daga kaina tuntuni, naman Juma'a har gobe yana wuyana. Mara lafiya da mai ciki da mai goyo ba a ɗora musu abin da zai cuce su.

Maigidanki rabin zancen ya ji. A 1966 Paparoma Paul na Shida ya sassauta, ya ba taron bishop na kowace ƙasa ikon barin mutane su musanya naman da wani aikin tuba ko sadaka. Amma Juma'ar tana nan. Kundin dokokin coci na 1983 ya ce kowace Juma'a ta shekara ranar tuba ce, sai in babban idi ya faɗo a kanta. Mutane suka ji "an sassauta", suka koma wa namansu, musanyar kuwa aka bar ta a bakin ƙofar coci. Ki bari sai ya ci ya ƙoshi, sannan ki tambaye shi a hankali me ya sa a madadin naman.

Yanzu ga inda kakarki ta samo nata tsananin. Fadojin nan masu farar jallabiya da carbi a wuya sun sauka Navrongo a arewacin Ghana a 1906, suka buɗe mishan a Jirapa a 1929, kuma a hannunsu iyayenta suka karɓi baftisma. A zamanin, wanda zai karɓi Jibin Ubangiji, wato gurasar da ake karɓa a ibadar Mas, ba ya sa komai a baki tun tsakar dare, ko ɗigon ruwa. Sai a 1953 aka yarda da ruwa, a 1957 aka mayar awa uku, a 1964 ya dawo awa ɗaya da kuke yi yanzu. Mutane kan taso daga ƙauye da ƙafa tun Asabar, su kwana a harabar mishan, su tashi da bushasshen maƙogwaro su jira Mas. Wadda ta girma haka, in kika ce mata kin sha koko da ƙosai kin tafi karɓa, kallo ɗaya za ta yi miki.

Amma ki lura da wani abu. A ƙauyen can nama ba abincin kullum ba ne. Sai an yi makoki ko biki, ko an yi babban baƙo an kama masa zabo. In ka ce wa irin wannan mutum ya bar nama ran Juma'a, ai ba ka karɓe masa komai ba. Shi ya sa tsofaffinmu suka nemi abin da zai yi musu zafi da gaske. Kakanki fito ya bari na kwana arba'in ɗin, mutumin da ba ya wuce gidan fito bai leƙa ba. Kakarki, da suka dawo zango ta koyi cin goro, goron ta bari. Ina ganinta tana buɗe ganyen, ta yayyafa masa ruwa, ta juya, ta rufe, ta ba baƙi, ita ba ta ɓantara ba. Satin farko kanta kan yi ciwo, mu yara mu yi nesa da ita.

Kuɗin goron kuma ba ya zama a haɓar zaninta. Akwai gwangwanin madara a bayan gicciyen da ke rataye a ɗaki, nan take jefa shi kullum. In makon Ista ya zo sai ta fasa, ta sayi masara da sabulu, ta aike mu gidan wata tsohuwa makauniya a Aboabo, wadda ma ba addininmu ɗaya ba. Wannan gwangwanin shi ne abin da na fi so ki ɗauka daga wasiƙar nan. Bisharar da ake karantawa ran Larabar Toka, Matiyu sura 6, abu uku ta haɗa: sadaka, addu'a, azumi, kuma ta ce a yi su ba don idon mutane ba. Juma'ar da ke biye ana karanta Ishaya 58, inda Allah ya ce azumin da yake so shi ne ka raba gurasarka da mayunwaci. In kika bar nama kika adana kuɗin don ɗinkin Ista, tattali kika yi, ba laifi ba ne, amma ki kira shi da sunansa.

Abin da ke ba ni haushi a 'yan zamani shi ne wayon kifi. Mutum ya ce ya bar nama, sai ya tafi ya sayi gasasshiyar karfasa da banku, wadda kuɗinta ya ninka na tsire. Doka ba ta kama shi ba, gaskiya ne. Kifi halal ne ranar, haka ƙwai, wagashi, madara, ƙaguwa da dodon koɗin da Asantawa ke sa wa a miya, har ɗan dunƙulen magi. Kaza da zabo nama ne. Ganda kuwa, da kullum ake tambaya, daga jikin saniya ta fito, kada ki yi wa kanki dabara a wurin mai wake da shinkafa. Juma'ar gidanmu tuwon zafi ce da miyar kuka ko ayoyo, daddawa, da 'yan ƙananan busassun kifi da aka daka a ciki. Ba wanda ya mutu.

Game da matan gidanku, kada ki shiga gasar wa ya fi wahala. Nasu ya fi namu wuya a jiki, ki faɗa musu haka kai tsaye: wata guda daga asuba zuwa faɗuwar rana ba ruwa, ga zafin rana. A 2025 watan azuminsu ya kama farkon Maris, tamu Larabar Toka ta zo 5 ga wata, shi ya sa kwatancen ya yi yawa a bakin famfo. Ki ce musu namu kwana arba'in ne, koyi da kwanakin da Yesu ya yi a jeji, kuma doka ta ɗora kaɗan ta bar wa kowa ya ƙara gwargwadon ƙarfinsa. Akwai mata a ƙungiyarmu da ke kamewa daga shida na safe zuwa shida na yamma, ba ka ji a bakinsu. In sun ƙirga sun ga kwana 46 daga Laraba zuwa Ista, Lahadi shida ne ba a lissafawa, don ba a azumi ranar tashin Ubangiji.

Idan kwanon buɗa-baki ya shigo miki ran Juma'a da nama a kai, ki karɓa hannu biyu, ki yi godiya, ki ba yara, ko ki ɗumama shi Asabar. Mayar da kwanon maƙwabci a cike ba ibada ba ce. Ran Ista ke ma ki aika, naman kuma ki saye shi wurin mahaucin zango, ki dafa a tukunyar da suka yarda da ita, su ci hankali kwance. Haka muka taras ana yi. Kin dai tuna 2019, da babban limamin ƙasa Sheikh Usman Nuhu Sharubutu ya je cocin Christ the King a nan Ankara taku (Accra) ran Lahadin Ista, yana cika shekara 100. Wasu suka yi ta mamaki a rediyo, mu 'yan zango ba mu ga baƙon abu ba.

Sauran abubuwan da kika lissafa duk al'ada ce, ba wanda zai ce kin yi zunubi in kin bari, amma ni ba zan bari ba. Hanyar Gicciye kowace Juma'a da yamma, tasha 14, kina durƙusawa kina tashi. St. Kizito na kusa da ke, ba ki da hujjar mota. In kin zo Kumasi cikin kwanakin zan haɗa ki da masu zuwa Buoho, can a kan tudu ake yinta, ni yanzu sai dai in jira ku a gindi. Ganyen dabinon da aka tsarkake ran Lahadi kafin Ista, ki saƙale shi bayan gicciye, kada ya shiga shara. In shekara ta zagayo katikis zai yi sanarwa a kawo, shi ake ƙonawa a samu tokar da Fada ke shafa mana a goshi. Tokar ma ba dole ki yini da ita ba, amma kada ki goge don kunyar 'yan motar haya ta trotro. Baƙi da ja ran Juma'ar mutuwa, fari ran Ista, wannan kuma na ƙasar nan ne, yadda muke yi wa mamacinmu muka yi wa Yesu.

Babban yaron naki bai kai shekarun ba, kada ki hana shi abinci, yana makaranta. Ki ba shi gwangwaninsa, ki bar shi ya zaɓi abin da zai bari da bakinsa, ko alewa ce ko kallon ƙwallo ran Juma'a. Ƙaramar kuwa ki koya mata "A gaishe ki Maryamu" tukuna, goma ɗaya na carbi ya ishe ta kafin barci ya ɗauke ta.

Ki gaida maigidan, ki ce goggo tana jiran amsarsa.