Amsa ga mai tambayar wane irin shafin intanet zai gina ya fara samun kuɗi

Wa alaikumus salam ƙanena. Na ga tambayarka, ka ce kana son buɗe shafuka uku lokaci guda, ɗaya na labarai da za ka sa tallan Google, ɗaya na tallata kayan kamfanoni a baka kamasho, ɗaya kuma na sai da kaya, jarinka bai wuce dubu 60 ba sai wata tsohuwar kwamfuta, kana tambayar wanne ya fi saurin kawo kuɗi. Na ga wasu sun ce maka AdSense kawai, wato tsarin tallan Google, wasu kuma sun ce ka biyo su ta bayan fage su koya maka in ka biya. To ni dai bari in faɗa maka abin da na gani a shekarun da nake cikin harkar nan, ka yi haƙuri zai ɗan yi tsawo.

Da farko dai ajiye maganar uku a lokaci guda, taura biyu ma ba ta taunuwa balle uku. Kuma ginin shafin shi ne mafi sauƙi a duk lamarin, da WordPress, wato manhajar gina shafuka, yanzu a wuni ɗaya za ka tada shafi ba tare da ka rubuta kod ko layi ɗaya ba, sama da kashi 40 na shafukan duniya a kansa suke. Abin da ya kamata ka zauna ka yi wa lissafi shi ne waye zai zaro kuɗi daga aljihunsa ya baka, kuma saboda me. Kowane irin shafi da mai biyansa, kuma wasu masu biyan suna nesa da kai sosai.

Bari in fara da bulog na talla, wato shafin labaran da ka ce, tunda shi kowa ke rububi. A nan mai biyanka ɗan kasuwa ne da ya ba Google kuɗi don a nuna tallarsa, Google ta cire nata ta baka kusan kashi 68. Tun farkon 2024 ma sun koma biya gwargwadon yawan ganin talla, ba sai an danna ba, ma'ana kana buƙatar idanu dubbai kullum kafin ka ga abin kirki. Kuma ba duk ido ne farashinsa ɗaya ba, mai karatu daga Amurka ko Ingila tallar da ake nuna masa ta ninka wadda ake nuna wa mai karatu daga Kano ko Maraɗi sau da yawa, saboda masu talla na can sun fi zuba kuɗi. Ga wata matsalar da masu sai da kwas ba sa faɗa, Hausa ba ta cikin jerin harsunan da AdSense ke karɓa. Akwai Larabci, akwai Turanci, akwai Faransanci, babu Hausa. Shi ya sa za ka ga yara suna cika shafi da rubutun Turanci na bogi har a amince musu sannan su juya Hausa, wannan kuwa zaman ɗar-ɗar ne, ranar da aka waiwayo ka za a iya tsayar da tallan kuma babu wanda za ka kai wa ƙara.

A ce ma an amince maka. Sai kuɗinka ya kai dala 10 su aiko maka da lambar sirri a takarda ta gidan waya don tabbatar da adireshinka, wanda a unguwanninmu da ba lambar gida wannan kaɗai aiki ne, gara ka nemi akwatin gidan waya ko adireshin wani ofis da ka sani. Sannan ba za su turo ko sisi ba sai ka tara dala 100, suna biya tsakanin 21 zuwa 26 ga wata, kuma yawanci ta asusun dala a banki ake karɓa. Na san mutane masu ƙwazo da suka shekara ba su haɗa wannan ɗarin ta farko ba. Daga nan ne shaiɗan ke shigowa, a ce ka shiga rukunin danna min in danna maka, ko ka sayi tirafik, wato ka biya a turo maka maziyarta. Kar ka kuskura. Google na gane dannawar bogi, in suka rufe maka asusu da wuya a sake buɗewa, kuɗin da ke ciki ma za a iya mayar wa masu talla.

Wani abu kuma da ni ya fi damuna, tallar da za ta fito a shafinka ba kai ka zaɓe ta ba. Ka rubuta maƙala kan falalar azumi sai ga tallar caca ko hoton mace rabin tsirara a tsakiya. Akwai wurin toshe irin waɗannan rukunan a cikin saitin AdSense, duk mai shafi ya kamata ya shiga ya toshe, ko da kuɗin zai ragu. Haka maganar shafukan sauke waƙoƙi da finafinai da littattafan marubutanmu ba da izininsu ba, eh suna tara jama'a da sauri, amma haƙƙin mutane ne, kuma ƙorafin haƙƙin mallaka kaɗan ya isa a cire shafukanka daga binciken Google.

Ba ina cewa bulog ba ya yi ba ne. Yana yi, amma ga mai haƙuri da ya zaɓi fanni ɗaya ƙarami da ya sani da gaske, kamar kiwon kaji, noman rani, gyaran sola, ko yadda ake neman tallafin karatu. Kuma ka sani yanayin ya canza, sauye-sauyen da Google ta yi a Satumban 2023 da Maris ɗin 2024 sun durƙusar da ƙananan shafuka da yawa, musamman masu kwafo rubutu, yanzu kuma ga amsar da na'ura ke bayarwa a saman sakamakon bincike, mutum ya karanta ya wuce bai shigo shafinka ba. In da Hausa za ka rubuta, kuɗin da na fi gani yana shigowa daga tallan kai tsaye ne, mai sai da abincin kaji ko mai kayan sola ya biya ka duk wata ka sa lambarsa da hoton kayansa. Wannan babu ruwanka da dala 100.

Na biyu, afiliyet. Wannan dillanci ne kawai irin wanda muka gada, ka haɗa mai kaya da mai saye ka karɓi la'ada, bambancin kawai link ne ke shaidar cewa kai ka kawo mutumin. Amazon na da nasu, amma lura, in ba ka kawo ciniki uku cikin kwana 180 na farko ba za su rufe rijistar, kuma in mutum ya danna link ɗinka sai ya sa kayan a kwando cikin awa 24 kafin a lissafa maka. Masu sayen kuma galibi Turawa ne, kenan da Turanci mai kyau za ka rubuta kana gogayya da manyan shafukan da ke da ma'aikata. Jumia da Konga su ma suna da tsarin kamasho kuma sun fi kusa da mu, sai dai ka san halin mutanenmu, zai karanta duk bayanin da ka yi kan waya, ya gode maka, gobe ya hau adaidaita ya tafi Farm Centre ya riƙe ta a hannu ya yi ciniki ya saya. Kai kuma ba ka da ko kwabo a ciki. Inda la'ada ke da kauri shi ne kayan da ba a taɓawa, kwas, littafi, manhaja, hostin (wato hayar wurin ajiye shafi a intanet), irin waɗanda ake sayarwa a Selar da makamantansu. A nan ma ka buɗe ido, in ka ga kwas ɗin da babu abin da yake koyarwa sai yadda za ka sai da shi kansa kwas ɗin ga wani, ka bar shi, abokanka za ka cinye ka ƙare da jin kunya.

Na uku shi ne shagon intanet, kuma a nan nake so ka tsaya ka yi tunani sosai tunda ka ce a Kano kake. Abin da ɗan Legas ko ɗan Fatakwal ko 'yar uwarmu da ke aure a Akara ko Yamai ke nema yana bayan gidanku, shadda da atamfa a Kantin Kwari, huluna da kayan fata a Kurmi, turaren wuta, humra, kilishi, kayan hatsi a Dawanau. Ba sai kana da jarin sari ba, ka samu ɗan kasuwa ɗaya mai amana ku yi magana, ka ɗauki hotunan kayansa da kanka da hasken rana, ka ɗora ribarka, in an yi oda ka je ka ɗauka ka kai tasha a yi waybil. WooCommerce, manhajar da ke mayar da shafi shago, kyauta ne a kan WordPress, Paystack ko Flutterwave za su karɓar maka kuɗi da kati, Paystack na cire kashi 1.5 da naira 100 a cinikin cikin gida kuma ba ya wuce naira 2000 komai yawan kuɗin.

Amma kar ka zata mutane za su riƙa cika kwando suna biya da kati shiru-shiru kamar a Turai. Yawancin kastomomin da na gani suna shiga shafin ne su kalli kaya da farashi, sannan su danna maɓallin WhatsApp su ce Malam nawa ne gaskiyarsa, a turo min bidiyo in ga kalar, a rage min, sannan su yi taransifa. Don haka wannan maɓallin ya fi duk wani ado muhimmanci, ka sa shi a kowane kaya. To me amfanin shafin kenan? Amfaninsa shi ne yarda da tsari. Wanda bai taɓa ganinka ba in ya ga suna tsayayye, adireshin shago, lambar rijistar CAC, hotunan waybil na waɗanda aka tura wa kaya, hankalinsa ya fi kwanciya fiye da wanda ya gani a sitatus kawai. Kuma ranar da aka rufe maka shafin Facebook ko TikTok, wanda yana faruwa da mutane kullum, kastomominka sun san inda za su same ka. Jama'ar dai daga can za ka jawo su, gajeren bidiyo kana buɗe shadda kana bayaninta da Hausa ya fi maƙala goma kawo ciniki. Sannan ka rage nauyin hotuna don Allah, kusan kowa da waya zai shigo kuma datarsa a ƙirge take, shafin da ya tsaya yana juyawa mutum fita zai yi.

Akwai na huɗu da ba ka ambata ba, kuma wallahi a ganina shi ya fi saurin sa maka kuɗi a hannu, gina wa wasu. Makarantu masu zaman kansu, ƙananan asibitoci, otal-otal, kamfanonin Hajji da Umara, ƙungiyoyin da ke neman tallafi daga waje kuma ake tambayarsu ina shafinku, duk suna buƙata kuma da yawansu ba su san wa za su nema ba. Shafi ne mai fuska huɗu ko biyar, su waye mu, me muke yi, hotuna, lamba. Ka haɗa musu da Google Business Profile su fito a taswira, wannan kyauta ne amma su a wurinsu babban abu ne. Daɗinsa kuma duk shekara sai an sabunta domen (wato sunan adireshin shafin) da hostin, ka sa kuɗin kula a ciki, abokan hulɗa goma kaɗai sun zama albashi. Ka karɓi rabin kuɗi kafin ka fara, ka rubuta abin da kuka yi yarjejeniya a kai ko da a saƙon waya ne, in ba haka ba Alhaji zai yi ta cewa a ƙara kaza a canza kaza har a shekara. Domen ɗin kuma ka yi rijistarsa da sunan mai shi da imel ɗinsa, riƙe wa mutum domen don ka ja masa rai cin amana ne kuma yana ɓata mana suna gaba ɗaya.

Maganar dubu 60 ɗinka. Ka sayi domen ɗaya, .com.ng ya fi .com araha nesa ba kusa ba, hukumar NiRA ce ke kula da shi kuma da naira ake biya ta hannun kamfanonin da ta amince da su. Hostin ma ka nemi na gida mai karɓar naira, don tun da aka saki naira a tsakiyar 2023 duk abin da ake biya da dala ya zama abin tsoro, kuma kafin ka biya ka duba farashin sabuntawa na shekara ta biyu, ba rangwamen shekarar farko kaɗai ba. Takardar tsaro ta SSL kyauta ake samu ta Let's Encrypt, kar wani ya sayar maka. Kar ka sauke tim (zubin fuskar shafi) ko fulogin (ƙaramar manhajar ƙara wa shafi aiki) na kuɗi da aka fasa ake rabawa kyauta, sau da yawa akwai ƙofar ɓarayi a ciki, na kyauta na cikin WordPress sun ishe ka. In ma kana son gwada hannu a rubutu tukuna, Blogger, dandalin bulog na Google, kyauta ne kuma za ka iya ɗaura masa domen ɗinka. Ragowar kuɗin ka bar shi na data da cajin kwamfuta da ɗan tallan Facebook na gwaji, kaɗan-kaɗan, ka ga wane hoto ne mutane ke tambaya a kansa.

Da ni ne kai, shagon zan fara da kaya iri ɗaya tak wanda na san mai shi kuma na san ingancinsa, shi wannan shafin kuma shi zan riƙa nuna wa masu makarantu da asibitoci a matsayin aikin hannuna. Bulog ya biyo baya in ka gane me kastomomi ke yawan tambaya, sai ka rubuta amsoshin a cikin shafin nan ɗaya, ka haɗa shi da Search Console na Google ka ga kalmomin da ake nemanka da su. Ka faɗa mana wane kaya kake da hanyarsa a kasuwa da kuma ko kwamfutar taka tana riƙe caji, sai mu ga ta inda za a fara. Allah ya sa albarka.