Karatun Injiniyan Lantarki Daga Ƙauye: Akwai Aiki?

Ƙanena daga Ringim, ka tambaya ko karatun injiniyan wutar lantarki zai ba ka abinci, tunda garinku wuta sai an ga dama. Zai ba ka, in ka dage.

Fara da JAMB: Turanci, lissafi, fiziks da kemistiri. Jami'ar Bayero da ta Aliko Ɗangote da ke Wudil suna koyarwa, shekara 5. In kuɗi sun yi kaɗan, kwalejin fasaha ta Hussaini Adamu da ke Kazaure tana cikin jiharku ta Jigawa.

TCN, kamfanin dakon wutar lantarki na ƙasa, ke ɗauko wuta mai ƙarfin 330kV (volt dubu 330) zuwa tashar Kumbotso da ke Kano, KEDCO kuma ta raba ta a Kano, Jigawa da Katsina. Dukansu suna ɗaukar injiniyoyi, amma gurbi kaɗan ne, masu nema da yawa.

Ni dai ina ganin kasuwarka tana sola. Manoman rani a Haɗeja sun gaji da tsadar fetur, suna komawa famfon sola, ga rijiyoyin burtsatse da asibitocin ƙauye. Wanda ya iya lissafin farantin sola nawa da batir nawa za su ɗauki injin niƙa, ba zai zauna banza ba.

Lokacin SIWES, wato zuwa koyon aiki a ma'aikatu da ɗalibai ke yi, nemi inda za a bar ka ka buɗe taransifoma da hannunka. Bayan ka samu gogewa, yi rajista da COREN, hukumar da ke kula da aikin injiniyanci a Najeriya.