Tsawon lokacin da sake gina titin saukar jiragen sama ke ɗauka

Assalamu alaikum. Malam, ka tambayi dalilin da ya sa aka gama gyaran titin saukar jirage na Abuja cikin mako 6, alhali na Enugu ya ci shekara guda, da kuma ko akwai tsayayyen wa'adi na irin wannan aiki. Na daɗe ina aikin sa ido kan shimfiɗa kwalta, a hanyoyin mota da kuma filin jirgi, don haka zan amsa da abin da na sani.

Babu wa'adi guda, domin zurfin lalacewar ne ke fara yanke hukunci. Titin jirgi hawa-hawa ake gina shi: daɓaɓɓiyar ƙasa a can ƙasa, sai dakakken dutse, sannan kwalta shimfiɗa biyu ko uku, ko kuma zubin siminti. Idan saman ne kaɗai ya tsattsage, inji zai kankare shi a zuba sabo, aikin makonni ne. Amma idan ruwa ya daɗe yana shiga ta tsagar har ya lalata tushen, tilas a haƙe, a gyara magudanan ruwa, a sake daɓe kowane hawa, a gwada ƙarfinsa kafin a ɗora na gaba, domin jirgin da ya haura tan 300 ne zai dira a kai da gudu. Kwalta tana ɗaukar nauyi da zarar ta huce, shi kuwa siminti a kwana 28 ake auna cikakken ƙarfinsa. Ga kuma damina, wadda na ga ta tsayar da aiki cak, injuna da ma'aikata suna zaune, saboda ba a shimfiɗa kwalta a kan jiƙaƙƙen wuri.

Na Abuja, wanda tsawonsa ya kai kusan mita 3,600, an gina shi ne a 1982 da nufin ya yi shekara 20, sai aka bar shi ya zarce da shekara 15 ana ta faci. Da yake shi kaɗai ne titin filin, aka rufe shi baki ɗaya ranar 8 ga Maris, 2017, aka karkatar da jirage zuwa Kaduna, inda yawancin kamfanonin waje suka ƙi zuwa, ban da Ethiopian Airlines. Kamfanin Julius Berger ya yi aiki dare da rana, aka buɗe ranar 18 ga Afrilu, saura kwana ɗaya wa'adin ya cika. A ganina, shirin da aka yi kafin rufewar ne ya kawo wannan sauri, domin an tanadi kayan aiki tun da wuri, an zaɓi lokacin da damina ba ta kankama ba, kuma idon duniya yana kan babban birnin ƙasa.

Enugu kuwa an rufe shi ne ranar 24 ga Agusta, 2019, a tsakiyar damina, kuma sai a watan Oktoba aka amince da naira biliyan 10 na aikin. Daga baya kullen korona ya zo a 2020 ya ƙara jinkiri, har aka buɗe ranar 30 ga Agusta, 2020. Wannan ne ke damuna ƙwarai: watanni na farko sun tafi ne wajen jiran kuɗi, 'yan kasuwa da matafiya suna ɗaukar wahalar zuwa wasu filaye.

Inda akwai titi biyu, abin ya fi sauƙi. Dubai ta rufe ɗaya na kwana 45 a 2019, jirage suna sauka a ɗayan. Wasu filayen kuma da dare kawai suke aiki, su gyara ɗan yanki su miƙa titin kafin jirgin asuba, wanda ke jan aikin mako 6 ya koma na watanni da yawa.

Bayan kwalta ma da sauran aiki, kuma nan ne jama'a suka fi ƙosawa, domin suna ganin titi ya yi baƙi wuluk amma ba a buɗe ba. Sai an mayar da fitilu da wayoyinsu, an ja layukan fenti, an auna santsin titin don kada taya ta zame idan an yi ruwa, an tashi jirgi na musamman ya daidaita na'urorin da ke jagorantar matuƙi wajen sauka, sannan hukumar NCAA, mai kula da harkokin sufurin jiragen sama a Najeriya, ta duba ta amince. Ban yarda a matsa wa kowa ya gaggauta wannan mataki ba, ko da ranar da aka yi wa jama'a alkawari za ta wuce.